Kawu Nawa

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga Kawu nawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, ina kuma tambayar gwiwoyin nan naka da Umma ta ce sun hana ka hawa matakala. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da sanyin ɗakin injuna ya sa mini. Ka ce waya ba ta shiga kunnenka, takarda kake so, to ga takarda.

Na san za ka yi mamaki. Kai ɗan ƙanwar kakata ne, rabonmu da haɗuwa tun rasuwar kaka, shekara shida ke nan. Amma duk danginmu kai kaɗai ka taɓa riƙe sito, ni kuma duk da injiniya da ake kira na, aikin sito nake yi. Umma tana gaya wa mutane wai ni ke koya wa kwamfuta magana. Ba haka ba ne, bari in warware maka.

Kamfaninmu yana da injin da ake rubuta wa tambaya ya mayar da amsa kamar mutum. Asibitoci da lauyoyi da makarantu ne ke hayarsa. Injin nan ba ya haɗiye kalma ɗungurungum, yanka ta yake yi gutsure-gutsure, kowane gutsure ya yi masa lissafi, ya duba alaƙarsa da duk waɗanda suka gabace shi. Kafin ya fitar da kowace kalma ta amsa sai ya waiwayi lissafin nan gaba ɗaya. Da a ce kowane karo sai ya sake shi daga farko, da mai tambaya zai yi furfura yana jira. Shi ya sa ake ajiye lissafin kusa da hannu, kuma ajiyar nan ita ce aikina.

Wuri uku nake da shi, sai na ara musu sunayenku na sito. Akwai kanta, wadda take manne da injin, ko ƙiftawar ido ba a yi an ɗauko abu daga cikinta, sai dai 'yar ƙarama ce. Akwai ɗakin baya, ya fi ta faɗi, ya fi ta nisa. Sai babban sito, inda abu kan kwana bakwai kafin a share shi. Da kanta ta cika, sai kora. Wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba shi ake fara turawa ɗakin baya, daga can a tura shi sito. Makon jiya cunkoso ya yi yawa, aka yi ta kora a sashenmu, har nawa bai tsira ba, da na zo da safe na tarar an fitar.

Manajanmu kuma, wanda muke kira Mai Agogo domin ko gaishe shi ka yi sai ya duba tsintsiyar hannunsa, mun fara sa-in-sa da shi. Labarin yana da tsawo, sai wani karon.

Abin da nake so ka gaya mini: da kake siton magani, yaya kake zaɓar abin da zai zauna a kanta da wanda zai koma baya?

'Yarka.

Asabar, 16 ga wata

Zuwa ga 'Yar Gardama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Laraba. Gwiwoyi suna nan yadda kika ji, ta hagu tana ƙara ta dama tana amsawa. Murar nan ki riƙa sa rigar sanyi.

Da na buɗe na ga kin rubuta "Kawu nawa", sai na tsaya. A baki, nawa na mallaka da nawa na rashin sauri ba sa haɗuwa, kunne yana raba su. A takarda kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kina tsammani ban san sunan da ku yaran dangi kuka laƙaba mini ba? Kawu Nawa, wanda in aka aike shi ɗauko magani sai ciwon ya gaji ya warke da kansa. Ke kika fi kowa iya faɗinsa, kina 'yar shekara bakwai, kina kwaikwayon tafiyata a barandar asibiti. Sai ki gaya mini wanne kike nufi.

Yanzu ga babbar magana. Kin rubuta an yi ta kora a sashenku, har naki bai tsira ba, kin zo da safe kin tarar an fitar. Inna lillahi! Kuma kika saka shi a tsakiyar takarda kamar labarin yanayi. Tabarauna ya karye, da ido ɗaya nake karatu, amma layin nan sau uku na maimaita shi. Ban iya zama ba, na ɗauki tasi na je wajen mahaifiyarki. Ashe ko ita ba ki gaya mata ba. Na baro ta tana kuka.

Ki ji shawarar wanda ya girme ki. Tun da kin ce kun yi sa-in-sa da manajan, daga nan abin ya taso. Ki shirya ki je ki ba shi haƙuri, ko ke ce da gaskiya. Shekara talatin da ɗaya na yi a siton maganin asibiti, shugabanni bakwai suka zo suka wuce a kaina, ban taɓa ɗaga wa ko ɗaya murya ba, kuma da ƙafata na fita ba kora ba. Tun kina ƙarama in aka ce miki zauna sai kin ce don me. A gida ana dariya, a ofis ba a yi.

Tambayarki ta kanta kuwa, abin da ake yawan nema shi ke zama gaba. Wannan ko sabon ɗauka ya sani. Sauran maganar ba ta takarda ba ce.

Kawunki.

Talata, 26 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan an gyara tabarau, domin ido ɗayan nan ya ja mini aiki. Sau goma sha ɗaya Umma ta kira ni ina tsakiyar taro. Ba wanda ya kore ni! Lissafin gwajina ne aka kora daga kanta, shi nake nufi da nawa. Ina nan daram a kujerata. Batun wancan nawan kuma, na mallaka na rubuta, kai ka san abin da ya kai zuciyarka ga ɗayan.

Haƙuri kuwa ba zan bayar ba, bari ka ji dalili.

In mutum biyu suka fara rubutu iri ɗaya, harafi bisa harafi tun daga farko, lissafin farkon nan ɗaya ne. Na biyun ba sai an sake masa ba, a ajiya za a ɗauko, amsa ta fito masa nan take. Daga inda rubutun ya rabu ne ake fara sabon lissafi. Yanzu kowane mai haya da alamarsa da nake bugawa a kan ajiyarsa, yadda kayan asibiti ba sa haɗuwa da na lauya ko da rubutunsu ya zo ɗaya. Mu katanga muke ce mata. Mai Agogo so yake a rushe katangar, kowa ya ci daga kanta ɗaya. Ya ce yanzu tambaya ɗaya cikin uku ce ke samun kayanta a shirye, in aka rushe sai ta zama biyu cikin uku. Ba ƙarya ya yi ba, ni ma na auna.

Sai dai ba a rushe ta sai da sa hannuna, tun da ni ke riƙe da ajiya. Ya kawo takardar har teburina, ya ajiye biro a kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa ba."

Ya duba agogo ya ce, "Ba mai ganin rubutun wani. Sauri kawai za su gani. Ko saurin ne laifi?"

Na ce masa a karatu mun san saurin kansa yana iya tona abu. Ya yi dariya, ya ce wannan tsoron littafi ne, wa zai zauna yana auna ƙiftawar ido? Ya ce in kawo masa mutum ɗaya mai jini a jika da sauri ya taɓa cutarwa, shi kuma ya yaga takardar. Kawu, ba ni da mutumin. Amma a ajiyar nan akwai tambayoyin marasa lafiya da na masu shari'a, amanarsu ce a hannuna, kuma hannun nan ba zai sa ba ko za a yi me.

Ka ce shekara talatin da ɗaya ba ka ɗaga murya ba. Me ta haifa maka? Ina tuna firam ɗin nan da ke rataye a falonka, gilashi da katako, ciki babu komai. Umma ta ce ka saye shi ne don takardar ƙarin girma, sau uku ana tsallake ka ana ba yaran da ka koya wa aiki, wai kana da nawa. Ka sunkuyar da kai, suka taka suka wuce. In wannan ne ladan haƙuri, ka riƙe abinka, ni ba na so.

'Yarka.

Lahadi, 28 ga watan da ya biyo

Kawu,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan shiru. Na tambayi Umma ko ciwon ne ya tashi, ta ce ta gan ka a kasuwa da ƙafarka kana cinikin ƙusa. Ke nan fushi ne.

Maganar firam ba tawa ba ce, na yi rashin kunya, ka yafe mini. Sauran abin da na faɗa kuwa ina kan bakana.

Ga halin da ake ciki. Mai Agogo ya kewaye ni, ya samo izini daga sama aka rushe katangar tsakanin sassan kamfaninmu, mu ma'aikata kawai, wai gwaji. Mako uku ke nan, komai yana gudu, kowa yana yaba masa. An sa taro ranar Alhamis, 18 ga wata mai kamawa, gaban Shugabar kamfani, a yanke ko za a rushe ta masu haya duka. A sashenmu yanzu in na shigo sai hira ta mutu. Ban fasa ba, amma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji.

In ba za ka amsa ba, ko layi ɗaya ka turo in san takardar ta isa.

'Yarka.

Juma'a, 5 ga wata

'Yata,

Na karɓi gaisuwa. An gyara tabarau. Fushi na yi, na kwana huɗu, ya wuce. Sauran kwanakin rubutu nake yi ina yagawa, domin abin da zan gaya miki ko mahaifiyarki ba ta sani ba.

Manajanki ya ce ki kawo mutum ɗaya. Ga ta.

A shekarata ta biyu a sito, ba wanda ya kai ni sauri a asibitin nan. Kafin mutum ya gama miƙo takarda na ɗora masa maganinsa. Dabarata irin taki ce: duk abin da aka nema sau ɗaya ba na mayar da shi baya, sai in tura shi ƙarƙashin kanta, ko wani zai sake nema.

Wata safiya wata malamar firamare ta zo. Ta jira layi ya ƙare sannan ta matso, ta miƙo takarda a naɗe. Maganin farfaɗiya ne. Ba a cika nemansa ba, yana can ɗakin baya a saman kantar ƙarshe, sai an kafa tsani. Na hau na sauko da kwalin, na ba ta nata. Ta ce, "Malam, don Allah ya tsaya a nan." Na ce mata bakin mai sito a rufe yake. Ta tafi, ni kuma na tura kwalin ƙarƙashin kanta.

Ba a yi awa biyu ba sai ga hedimastan makarantarsu. Na san shi, watanni kafin nan ya taɓa karɓar wa wani ɗan'uwansa maganin nan, ya tsaya kusan minti goma sha biyar yana kallona ina fama da tsani. Ranar ya hangi malamar tana fitowa, kuma dama an fara yi masa gulma a kanta. Bai tambaye ni komai game da ita ba. Cewa ya yi, "Kuna da maganin nan kuwa har yanzu?" Ni kuma don in burge shi, na sunkuya na ɗora masa a gabansa kafin ya rufe baki.

Ya dubi maganin, ya dubi tsanin da ke jingine can ciki, ya yi murmushi ya ce, "Yau ba hawa? Ashe an riga ni." Ko saye bai yi ba, ya juya.

Ban ce uffan ba, 'yata. Hannuna ne ya yi magana. A ƙarshen zangon aka karɓe mata aji, wai don lafiyar yara, alhali da maganin nan shekara huɗu ba ta faɗi ba. Ta zo sito sau ɗaya bayan haka, ta tsaya ta dube ni, ta juya ta tafi. Har yau tana ganin da baki na faɗa. Ban san inda take ba.

Daga ranar na kafa wa kaina doka. Kowane magani aka nema, ko yana nan ƙarƙashin hannuna, sai na shiga ɗakin baya, na taɓa tsani, na tsaya daidai lokacin da hawa da sauka ke ci, sannan in fito. Mai ciwon kai da mai ciwon da ake ɓoyewa, jira ɗaya suke yi, sai dai in rai ne a hannun Allah aka rugo da gudu. Shugabanni bakwai, kowanne ya kira ni ofis ya ce in daina, kowanne na ce masa to ranka ya daɗe, na koma na ci gaba. Shekara ashirin da tara ina wannan zirga-zirgar. Gwiwoyin da kike tambaya can suka tafi, ƙarin girma ma can ya tafi. Kin ce na sunkuyar da kai. Na sunkuyar, amma ban fasa ba ko sau ɗaya.

Shawarar ba da haƙuri da na ba ki, tsoro ne ya sa ni, na san abin da taurin kai yake ci. Na janye ta. Kada ki sa hannu.

Abu ɗaya ki riƙe. Baƙo ba ya karanta saurin hannu. Wanda ya riga ya yi zato ne, ya san sunan abin da zai nema, shi ke zuwa ya gwada ki. In kina so su gani da idonsu, ki zama hedimastan. Ki nemi abin da kike zato, ki tambaya a gabansu.

Kawunki, ta kowace fuskar kika karanta.

Asabar, 20 ga wata

Zuwa ga Kawu nawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da gwiwoyinka ɗaya bayan ɗaya, da girmamawar da ban taɓa ba su ba. Takardarka ta same ni a ofis, na karanta ta a tsaye, na shiga banɗaki na yi kuka. Na tuna kwaikwayon tafiyarka da nake yi mutane suna dariya, kunya ta kama ni kamar in nutse.

Ka sa tabarau, ka zauna, ka karanta a hankali.

Ka ce in nemi abin da nake zato. Kwana biyu ina tunani ban samu ba. Sai ranar Litinin na haɗu da jami'ar kula da ma'aikata a matakala, matar da kullum sai ta tambaye ni Umma. Ta ga ni ta sunkuyar da kai tana latsa waya. Nan na samu zatona.

Ofishinta da injinmu suke rubuta takardu, kuma ni na tsara musu fom ɗin bara. Na takardar sallama yana farawa da lambar ma'aikaci, sai shafi huɗu na ƙa'idoji da ba sa canzawa. Ka gane? In lambar ta zo daidai da wadda aka riga aka shigar, shafi huɗun nan duka a ajiya suke, amsa ta fito nan take. In lambar ta bambanta, tun layin farko an rabu, sai injin ya lissafa komai sabo. Matsalar ita ce ba zan iya gwadawa a ɓoye ba. Da na gwada sau ɗaya, ni da kaina na saka shi a kanta, hujja ta lalace. Dole sai a gabansu, kuma sau ɗaya tak.

Ranar Alhamis da hantsi muka taru. Mai Agogo ya yi rabin awa yana nuna zane-zanen sauri, aka tafa masa. Shugaba ta juyo ta ce, "Injiniya, an ce ke kaɗai kika ƙi. Muna jin ki."

Na ce, "Hajiya, ba jawabi zan yi ba. A ba ni minti biyar da kwamfutar teburin karɓar baƙi, wadda ba ta da izinin ganin komai."

Aka kawo, na haɗa ta da babban allo. Mu tara ne a sashenmu. Na ce zan shigar da fom ɗin sallama da lambar kowannenmu, kowa ya kalli agogon da ke gefe, ya ga lokacin da kalmar farko za ta fito. Na fara da ta Mai Agogo. Daƙiƙa biyu. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na biyu, daƙiƙa biyu. Na uku haka, har na takwas. Tawa na bari ƙarshe. Na sani, Kawu, in ta fito a daƙiƙa biyu na zama abin dariya, in ta fito da sauri kuma ka san me ke nan.

Na danna. Ban ɗauke yatsa ba amsa ta fara zuba.

Jami'ar ma'aikata ta dafe baki. Shugaba ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini, Hajiya. Ban ga rubutun kowa ba, kamar yadda manaja ya yi alkawari. Sauri kawai na gani. An riga ni ne, cikin kwana bakwai ɗin nan. Yau takardar korata ce. In kuka rushe katangar masu haya, gobe fom ɗin asibiti ne, da sunan matar wani ko ma'aikacin wani, kuma mai tambayar ba sai ya zama injiniya ba, zato kawai yake bukata da agogo."

Mai Agogo ya miƙe yana cewa ai ana iya toshe wannan da wata dabara. Shugaba ta ce ya zauna. A nan take ta ba da umarni a mayar da katangar ma'aikata kafin a tashi aiki, ta masu haya kuma kada wanda ya sake ɗaga maganarta. Ni na mayar da ita da hannuna da azahar.

Da la'asar ta kira ni ofishinta. Takardar tana kan tebur, an sa mata hannu tun Talata. Ta ce ta yarda ina da gaskiya, amma na tozarta manaja da ofishin ma'aikata a gaban jama'a, kuma kamfani ba ya tafiya haka. In na rubuta wa manaja layi biyu na ban haƙuri, ta yaga takardar, a wuce wurin.

Na ce, "Hajiya, haƙurin me zan rubuta? Na ƙin sa hannu, ko na nuna dalili?"

Ta ce, "Kin san abin da nake nufi. Ki yi tunani zuwa gobe."

Na ce, "Na gode, amma ba sai gobe ba." Na miƙa hannu na ɗauki takardata.

Saboda haka wannan karon ba lissafi aka kora ba, ni ce. Kada ka ɗauki tasi, ni zan gaya wa Umma da bakina. Ban san inda zan nufa ba tukuna, kuma in na ce ban ji zafi ba na yi ƙarya, shekara biyar na yi ina gina ajiyar nan. Amma da a dawo da ranar, haka zan sake yi.

Na saka maka takardar a ciki, ta ainihin, ba kwafi ba. Ka duba sakin layi na biyu, inda suka rubuta dalili. Sun ce ina jawo nawa a aikin kamfani. Ka ga, ko a dangi na nesa gado ba ya ɓata hanya.

'Yarka.

Laraba, 24 ga wata

'Yata,

Na sa tabarau, na zauna, na karanta sau uku. Ban ɗauki tasi ba.

Aiki za ki samu, wanda ya iya riƙe amana ba ya rasa mai nemansa, ko da an ɗan jira. Mu kuwa mun iya jira. Ki je ki ga mahaifiyarki, daga nan ki biyo ta wajena. In kin ƙwanƙwasa ki yi haƙuri, zan daɗe kafin in iso ƙofa.

Takardar da kika aiko na auna ta, ta ɗan fi faɗi, sai da na lanƙwasa gefe ɗaya. Na sauko da firam ɗin, na goge gilashin, na saka ta. Tsohuwar ƙusar ta yi tsatsa, na buga sabuwa. Yana nan a falo, daidai inda mai shigowa zai fara gani.

Maƙwabcina ya leƙo jiya, ya ce, "A'a, ƙarin girman ya iso ke nan?"

Na ce masa ya iso, ya dai yi nawa a hanya.

Kawunki.